Gadon Bayan Mala'ika

A ƙauyen Mierla babu gidan da za ka shiga ba ka tarar da mala'ikan Lele Saveta a bangon gabas ba; Lele a can kamar a ce inna ne. Wani gidan mala'ika Mihail ne da takobinsa, wani Gavril da furensa. Gidan da aka sha biki kuwa har a ɗakin girki za ka same su, domin kyautar aure ce, kuma ba a mayar da mala'ika. A kan gilashi take zana su, kamar yadda uwarta ta yi, kamar yadda kakarta ta yi.

Aikin gilashi aikin baibai ne. Ta bayan gilashin ake zanen, saboda haka abin da ya kamata a ƙare da shi, da shi ake farawa: ƙwayar ido, gira, layin baki. Sannan a shafa fatar fuska a kansu, sannan riga, sannan zinariya, daga ƙarshe sararin sama ya rufe komai. In ka yi kuskure a ido ba za ka sani ba sai ka gama ka juya gilashin, lokacin kuwa ido ya riga ya bushe yana hararar ka. Hannun da ka zana a dama kuma a hagu yake fitowa. Mihail na farko da Saveta ta yi tana 'yar shekara goma sha ɗaya bahago ne. Uwarta ta dube shi, ta ce ba laifi, ta kai shi akurkin kaji ta rataye. Yana nan har yau, kuma yanyawa ba ta taɓa shiga ba.

Sai dai gilashin da aka shafa wa fenti bai zama abin ratayawa ba tukuna. Sai an kai shi coci ya kwana arba'in a bayan bagade, Fada ya yayyafa masa ruwa ya yi addu'a. In babu wannan, ko kyauta ka ba mutumin Mierla, zai yi godiya ya jingine shi a bayan kabad. Don haka sana'ar Saveta hannu biyu ke riƙe da ita: nata, da na Fada Gherasim.

Shekara talatin suna tare, shekara talatin suna faɗa. Shi yana cewa kumatun Gavril ɗinta sun cika ja, kamar wanda ya biya ta wurin tukunyar giyar mijinta. Ita tana cewa wa'azinsa ya fi hunturu tsawo. Amma bai taɓa mayar mata da hoto ba, ita kuma ba ta taɓa fashin Lahadi ba.

Mijin nata, Onisim, makiyayin tumaki ne da gwiwa ta sauko da shi daga dutse. Shi ke sassaƙa mata katakon da ake zagaye gilashin da shi. Ɗansu ɗaya, Simion. Tun yana ƙarami shi ke riƙe kyandir a gaban Fada idan za a zagaya coci, har ya girma ya tafi birnin Cluj karatu, ya zauna can yana aikin ƙera wasannin kwamfuta. Yana da shekara ashirin da shida zuciyarsa ta tsaya a kan matakalar gidan da yake haya. Ba wanda ya san tana da ciwo. Aka kawo shi gida, Fada Gherasim ya binne shi, Saveta ta raba dafaffiyar alkama ta sadaka a kowane lokacin da al'ada ta ce a raba. Bayan haka ta koma teburinta. Mutane suka ce mace ce mai ƙarfin hali.

Kaka biyu bayan wannan, wata 'yar ƙaramar mota ta tsaya a ƙofar gidan, wata yarinya mai koren gashi ta fito.

"Lele Saveta, sannu da aiki. Ni ce Ilinca, da muke aiki tare da Simion."

"Na gane ki. Ranar jana'iza dai shuɗi ne gashin. Zauna ki ci abinci, kin rame kamar buroshina."

Sai da Ilinca ta ga bayan tuwon masara da cuku sannan aka bar ta ta yi magana. Su shida ne, in ji ta, a wani ɗaki a saman gidan burodi. Wasa suke ƙerawa irin wanda mai yi yake shiga rigar wani, ya zaɓi hanya, ya yi magana da waɗanda ya gamu da su, ya tara kaya, ƙarfinsa ya riƙa ƙaruwa. A nasu wasan, mai yi rai ne da ya rabu da jiki. Zai hau sama ta ƙofofin da ke cikin iska, kowace ƙofa da shaiɗanun da ke tsaron ta, kowanne da zunubin da yake tambaya: wannan haɗama, wancan gulma, na gaba ƙarya. A tsakanin ƙofofin akwai dodannin tatsuniya masu satar 'yan mata, da aljanun matan nan masu rawa a mararraba. Mala'ika mai rakiya kuwa yana gaba.

Saveta ta ajiye cokali. "Wannan ai ba wasa ba ne, hanya ce. Wa ya gaya muku?"

"Simion. Ya ce kakarsa ce ta ba shi labarin. Shi ya tsara shi duka, Lele. Da muka tambaya wa zai zana mala'ikan, ya ce uwata, ba wani ba. Ya ce za ki yi faɗa tukuna, mu ƙyale ki ki gama."

Onisim ya yi dariya har da tari. "Ya san kayansa."

Saveta ba ta yi faɗan ba. Ta tashi ta ƙaro cuku, ko da yake ba wanda ya nema.

Daga nan Ilinca ta shiga tambayoyin aikinta. Duka nawa mala'ikan zai sha kafin ya faɗi?

"Mala'ika ba ya faɗuwa. Waɗanda za su faɗi sun riga sun faɗi tun farko."

"To ai wasan zai yi lami, Lele, in ba abin da ke samun sa."

"Wanda ke bin sa fa? Shi ba mai faɗuwa ba ne?"

Ilinca ta ce wannan ya yi. Sai maganar aljihu: mai wasa zai tara kyandir, gurasa, kuɗin biyan ƙofa, a ina mala'ikan zai riƙe masa su? Saveta ta ce a zanenta mala'ika ba shi da aljihu, kuma ba za ta fara ɗinka masa yanzu ba. Onisim ya ce a ba shi jakar makiyaya. Aka amince da jaka, da sharaɗin mamacin ne zai rataya abarsa.

"Saura abu ɗaya," in ji Ilinca, tana nuna wani Gavril da ke jingine a taga. "Juya mana shi."

Saveta ta juya shi. Baƙin fenti ne da katako.

"A'a, Lele, bayansa nake nufi. Gadon bayansa. Mai wasa a bayansa yake tafiya tun daga farko har ƙarshe. Abin da zai yi ta kallo ke nan."

Saveta ta ajiye gilashin. Tsarkaka fuska suke ba mutum, kowa ya sani. Wanda aka zana da rabin fuska, ta gefe, ko Yahuza maci amana ne ko shaiɗan. Baya kuwa ba a taɓa zana na kowa ba. Shekara hamsin tana zaune a bayan mala'iku, tana numfashi a ƙeyarsu, amma ba ta taɓa tambayar kanta yadda ƙeyar take ba. Ta ina fikafikan suke fitowa? Rigar a tsage take? In a tsage take, wa ya yi mata kalmasa? Da'irar zinariyar nan da ke bayan kai fa? Ta baya ai faranti kawai za a gani, da wuya a ƙarƙashinsa.

"Zan gwada," ta ce.

Ita ba ta iya zana abin da ba ta gani ba, ko a ido ko a zanen kakarta. Don haka washegari da hantsi ta tsayar da Onisim a tsakar gida. Ta lulluɓa masa zanen gado, ta ɗaura masa fikafikan agwagwa guda biyu da take share tanda da su, ta sa ya riƙe farantin tagulla a ƙeyarsa.

"Miƙe."

"Na miƙe."

"Mala'ika ba ya doro."

"Mala'ika bai yi shekara arba'in yana bin tumaki ba. Mata, hannuna ya sage."

"Kar ka motsa. Na hagun ya karkace."

Ana haka matar Fada ta turo ƙyaure, ta zo sayen ƙwai. Ta hango wani farin abu mai fikafikai a gindin itacen goro, rana tana walƙiya a kansa. Ta saki kwando, ta yi alamar gicciye sau uku, tana shirin durƙusawa sai idonta ya sauka a kan takalman roba. Ta san takalman.

"Barka da hantsi, uwargida," in ji Onisim, bai juyo ba, don an ce kar ya motsa.

Kafin a ci abincin rana Fada Gherasim ya iso, yana tura baro. A ciki, naɗe da bargo, hotunan Saveta ne da ke bayan bagade suna jiran idin manyan mala'iku na watan Nuwamba. Ya ajiye baron a hankali, don ko a cikin fushi ya san gilashi ne.

"Saveta, me nake ji?"

"Ya danganta da abin da aka gaya maka, Fada. Uwargida ba ta tsaya ta ɗauki ƙwanta ba."

Ta ba shi labari yadda yake, ba ragi. Sunan Simion kaɗai ta bari a waje, don ba ta so a ce ta kawo mamaci ya yi mata roƙo. Fada ya saurara yana jan gemu.

"Mala'ika ba ya ba ɗan Adam baya," ya ce. "Hoto taga ne. Ka dube shi, ya dube ka. Wanda ya juya maka ƙeya ya sallame ka ke nan."

"Shekara talatin ina kallon ƙeyarka kowace Lahadi, Fada. Na san ranar da sanƙon ya fara. Sallama ta ka yi?"

"Wannan daban! Ni gabas nake fuskanta."

"Shi ma ai ba kasuwa za shi ba."

Onisim ya yi wani sauti a cikin zanen gado. Fada ya harare shi, fikafikan suka yi tsit.

"Kuma a wasa," in ji Fada. "Yara suna danna shi da yatsa, suna cin gyaɗa, suna zagin juna. Hannun da ya yi wannan ba zai kawo mini gilashi in sa a bayan bagade ba. Ki zaɓa. In kin bari, gobe ma ki dawo da su. In kin yi, ki nemi mai yayyafa miki ruwa." Ya kama hanya, ya waiwayo. "Bargon na uwargida ne. A mayar."

Saveta ta mayar da bargo, da ƙwai goma a naɗe a ciki. Hotunan kuwa ta jera su a ɗakin Simion, fuskarsu tana kallon bango, don kar su ga halin da ake ciki.

Ba a daɗe ba ta ji a jikinta. Ba wanda ya gaya mata baƙar magana, Mierla ba ta haka. Mutane dai sun daina biyowa ta layinsu. Wata mai aurar da 'ya ta hau bas ta tafi birnin Sibiu ta sayo Mihail na takarda, bugun inji, mai sheƙi kamar kwalin alewa. Saveta ta gan shi a wurin biki, ta ci abincinta, ta yi wa amarya addu'a, ta dawo gida ta wanke tukwanen da ke wanke. Tun zamanin kakarta ba a taɓa yin aure a ƙauyen da mala'ikan wani ba.

Coci kuwa ba ta daina zuwa ba, sai dai ta koma layin baya. Mata suka ce tuba take yi. Ita kuwa bayan mutane take karantawa. Ta gano abubuwa da yawa: mai kanti yana barci a tsaye, malamin makaranta ɗinkin kwat ɗinsa ya ɓalle, mawaƙin coci yana sosa ƙafa da ƙafa. Ba wanda bayansa ya yi kama da na wanda za ka bi zuwa sama.

Ta ɓata gilashi huɗu. Na farko ya fito Onisim sak, har da doron. Na biyu buhun dankali ne mai fikafikai. Na uku, bisa tsautsayi, ya fito da sanƙo, ta yi maza ta kankare shi kafin wani ya gani. Na huɗu ya yi kyau, amma ba kowa a cikin rigar.

Wata ranar Talata da la'asar ta shiga ɗakin Simion ɗauko sabon gilashi. Ta tsaya a bakin ƙofa, inda ta saba tsayawa, sai ta ga tana kallon kujerar da ke gaban tebur.

Tun yana ɗan shekara goma sha uku, da aka sayo masa tsohuwar kwamfuta, a nan yake zama, bayansa ga ƙofa. Ta kawo abinci, ƙeya. Ta zo kiransa ya kwaso itace, ƙeya. "Ga ni nan, Mama," ba tare da ya juyo ba. Ta sha cewa ita gadon baya ta haifa, fuskar a asibiti aka manta. Shekaru ta yi tana yi wa wannan bayan faɗa. Kafaɗar hagu ta fi ta dama sauka. Kunnuwa a buɗe kamar hannun tukunya, in hasken allo ya ratsa su sai su yi ja. A tsakar kai gashin ya murɗa wuri biyu, ba ɗaya ba, shi ya sa ba mai askin da ya taɓa kwantar da shi. Ga wani ɗan ƙashi a gindin wuya da ke fitowa in ya sunkuya.

Ta ɗauki gilashin ta koma tebur. A gilashi da abu mafi ƙanƙanta ake farawa, don haka ta fara da murɗin gashin nan biyu. Ta tuna ta sauke kafaɗar dama, don ta fito a hagu. Fikafikan ta fitar da su daga inda kujera ke tokare shi. Da'irar zinariya kuwa ba ta yi faranti ba, siririn zobe ta yi, don kar ya rufe kunnuwan.

Da ya bushe ta juya shi, ta kira Onisim ya zo ya auna katako. Ya shigo da ma'auni a hannu yana mitar gwiwa. Ya aza ma'aunin a gefen gilashin. Ya daɗe bai karanta lambar ba. Can ya fita, ta jiyo shi yana faskaren itacen da ya riga ya faskara.

Ilinca ta zo ta ɗauki hotonsa ta kowane gefe. Ranar kuwa ba ta ci cuku ba. Bayan 'yan makonni ta dawo da kwamfuta a jaka, da farkon wasan a ciki, ƙofa uku. Idin mala'iku saura mako guda.

Saveta ta naɗe kabeji da nama, ta dafa a tukunyar ƙasa, ta aika Onisim gidan Fada. "Ka ce ya zo ya ga abin da ya hana, don ya san me ya hana. Ka kuma ambaci kabejin."

Ya zo. Ya ce ba don kabeji ya zo ba, ya ci naɗi shida. Sannan Ilinca ta share tebur, ta buɗe kwamfuta, ta nuna masa madannai: wannan gaba, wannan baya, wannan tsalle.

"Ni ba zan taɓa ba. Kallo na zo yi."

"Ba a kallon sa, Fada, sai an shiga. In ba ka danna ba, mamacin zai yi ta tsayuwa a bakin kabari."

Wannan ya dame shi. Ya sa tabarau, ya miƙa yatsa ɗaya kamar mai taɓa murhu. Mamacin ya nufi shinge kai tsaye, ya manne, ya ci gaba da tafiya a wuri ɗaya.

"Fada, hagu."

"Hagun nake yi!"

"Wancan hagun."

Ya fita daga shinge ya faɗa rijiya. Aka sake. Ya gamu da matan aljanu, maimakon ya kauce sai ya tsaya gaishe su, suka ja shi rawa har ƙarfinsa ya ƙare. Aka sake. Da ƙyar ya isa ƙofar farko, hankalinsa duk a kan yatsunsa, bai ko ɗaga ido ya dubi wanda ke gabansa ba. Wani shaiɗani mai tumbi ya leƙo ya tambaye shi ko ya taɓa cin abin da ya wuce cikinsa. Amsa uku suka fito a allo. Fada ya zaɓi "Ban taɓa ba." Ƙasa ta buɗe, mamacin ya zurma.

Onisim ya dubi tukunyar kabeji, ya dubi silin.

"Wa ya tsara wannan ƙofar?" in ji Fada, kunnuwansa sun yi zafi.

"In ka amsa laifi ana wucewa, Fada," in ji Ilinca. "Ƙarya ce kawai ke jefa mutum."

Ya yi gyaran murya. Ya ce a nan dai ba su kauce wa koyarwa ba. Aka sake, ya amsa laifinsa, ƙofa ta buɗe.

Bayan ƙofar sai doguwar hanya a kan gajimare, ba rijiya, ba dodo, ba abin yi sai bi. Yatsansa ya saba, ya jingina da kujera, ya ɗaga ido. Mala'ikan yana gaba da fitila a hannu, yana tafiya a kan yatsun ƙafa, kafaɗar hagu a sauke, kunnuwa ja saboda hasken fitilar. Tazarar da ke tsakaninsu tana ƙaruwa. Fada ya ƙara danna madanni, tazarar ba ta ragu ba. Ya tsuke fuska yadda yake tsuke ta a zagayen coci.

"Rage sauri, Simion," ya ce. "Ba gobara za mu ba."

Sai da maganar ta fita ya ji ta.

Ba wanda ya motsa. A allo mamacin ya tsaya, don yatsan ya sauka daga madanni. Mala'ikan ya ɗan yi gaba, shi ma ya tsaya, bai juyo ba, yana jira.

"Tafiyar ni na sa masa," in ji Ilinca a hankali. "Haka yake sauka sayen burodi."

Fada Gherasim ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa, ya daɗe yana gogewa. Shekara goma sha biyu ya bi wannan ƙeyar a kewayen coci, cikin dusar ƙanƙara da cikin rana, yana raɗa mata ta rage sauri.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?" ya tambayi Saveta.

"Ba ka tambayi bayan wa ba ne. Ka ce baya kawai."

Ya mayar da tabarau. Da ya sake magana, muryar wa'azi ce, ta dawo daidai.

"Gilashin nan ba zai shiga bayan bagade ba. Ba a yin addu'a ga ƙeya, a nan ban sauya ba."

"Ban ce ya shiga ba."

"Na biyu. Yarinya, a ƙarshen wasan nan naku, in an wuce ƙofofin duka, me yake yi?"

"Ɓacewa yake yi, Fada. Haske ya rufe shi."

"A'a. Ya juyo. Wanda ya rako ka wannan nisan ba ya tafiya bai dube ka ba. Ya juyo, da fuska cikakkiya, ido biyu, yadda aka saba." Ya dubi Saveta ta saman tabarau. "Fuskar kuma ta zanen kakarki, Saveta. Kin ji ni?"

Ta ji shi, ta kuma san dalilinsa. Ba ya so ta sa wa mala'ikan fuskar Simion.

"Bayan nawa ne, fuskar ta coci ce," ta ce. "Na yarda."

"A rage jan kumatu."

"Wannan kuma ban yarda ba."

Ya miƙe ya tambayi inda baro yake. Onisim ya kawo nasu, Saveta ta shimfiɗa bargonta, suka fito da hotunan daga ɗakin Simion ɗaya bayan ɗaya. Fada ya ce kwanakin da suka riga suka yi a bayan bagade ba su ɓace ba, za a ɗora daga inda aka tsaya, waɗanda ba su cika ba kuma Mihail mai haƙuri ne. Ya tura baron da kansa, ta tsakiyar ƙauye, a hankali, don kowa ya gani. A bakin ƙyaure ya tsaya ya kira Ilinca gefe. Saveta ta jiyo shi yana tambaya ƙasa-ƙasa, a ƙofa ta biyu wace tambaya ake yi.

"Gulma, Fada."

"To. Wannan ta uwargida ce."

Wasan ya fito bayan shekara guda. An ce an saya daidai gwargwado, an kuma ce waɗanda suka kai ƙarshe suna yabon wurin da mala'ikan ke juyowa, ko da yake wasu sun rubuta cewa kumatunsa sun cika ja. A Mierla an koma yin aure da mala'ikan gilashi. Wancan na takarda yana nan a gidan amarya, a bayan kabad.

Ilinca ta bar wa Saveta tsohuwar kwamfuta. Tana kan teburin ɗakin Simion, gilashin gadon bayan yana rataye a samanta. Ranar Lahadi bayan coci, in an ci abinci, Saveta takan shiga ta zauna. Ta iya wuce shinge da rijiya, ta san yadda ake kauce wa matan aljanu, a ƙofar farko takan amsa laifinta ba gardama. Sai ta hau doguwar hanyar gajimare. In ta hango ƙofa ta biyu, sai ta kashe, mako mai zuwa ta faro daga farko.

Onisim ya ce a duk ƙasar babu wanda ya kai ta rashin iya wasa. Fada ma ya wuce ƙofa ta bakwai, ita tana nan.

"Ba ki son ki ga ƙarshen?" Onisim ya tambaye ta wata rana daga bakin ƙofa.

"Ni na zana ƙarshen," ta ce, ba ta juyo ba. "Na san fuskar. Je ka duba kaji, ga ni nan."